Jan Alayyahun Inna da Na'ana'ar Dokta

Ni dai ban taɓa ce wa kowa ina da haƙuri ba. Inna ce mai haƙuri, Allah ya jiƙanta, kuma da aka zo rabon gado sai haƙurin ya bi ta wajen ƙannena, ni aka bar ni da zuciya da wani ɗan ƙullin tsumma.

A ƙarƙashin matashinta na tsinci ƙullin, kwana uku da rasuwarta. Na kwance na ga irin alayyahu, baƙi wulik yana sheƙi, bai cika cokalin shayi biyu ba. Jan alayyahunta ne, wanda take shukawa a bayan madafa tun muna yara, mai jan kara da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshen harshe. Daga wajen uwarta ta taho da shi gidan aure. Bayan ta kwanta ciwo aka daɓe tsakar gidan da siminti, maƙwabta kuma duk sun koma sayen iri na cikin leda, don haka na bi gida-gida ina tambaya ban samu ko tushe ɗaya ba. Abin da ke cikin tsumman nan shi kaɗai ya rage a duniya, ni kuwa na jefa shi a jakata na taho da shi London.

Shekara shida ƙullin yana cikin akwati, don a hawa na bakwai muke zaune a Thamesmead, ko tukunyar fure ba ta samun rana a tagarmu. Na sa sunana a layin masu neman gonar kansil, ɗan filin nan da ake yanka wa mutum ya yi shuka, wanda 'ya'yana ke kira allotment ni kuma nake cewa gonata. Ranar da wasiƙa ta zo cewa an ba ni fili a Abbey Wood, guɗa na rangaɗa a falo har maigidan ya fito da sauri yana tambayar wa ya haihu.

Filin bai fi tsakar gidanmu na ƙauye ba. A hannun dama akwai wata mata 'yar ƙasar Tailan, ta girme ni da kusan shekara goma, gajeruwa, kullum da malafa da takalmin roba. A kicin ɗin wani gidan abinci take aiki, da safe kafin ta tafi take zuwa gona. Tana ce mini sista, ni kuma na laƙaba mata Yaya, na gaya mata ma'anarsa, ta ji daɗi ta karɓa. Da na fara ganin gonarta na ce a raina, wannan baiwar Allah ba ta san noma ba. Babu kunya ko ɗaya, ba a ganin ƙasa sam, ko'ina tattaka ce shimfiɗe, kabewa ta hau kan masara, wake ya naɗe barkono, ga tafarnuwa, ga ciyawar nan mai ƙamshin lemo, ga wasu ganyaye da a garinmu akuya ake yankar wa. A gefe kuma da wata shuɗiyar durom da take jiƙa kan kifi da ɓawon ayaba, in ta buɗe murfin sai ka nemi hanyar gudu.

Sai da na ga abin da take ɗiba a gonar nan na kama bakina. Matar nan ba ta sayen ganye ko albasa daga bazara har sanyi ya shigo, kuma ko ƙwayar takin zamani ba ta taɓa zubawa ba. Wata rana ta ɗaga tattakar ta tura hannuna ciki, na ji ƙasa da sanyi da laushi, ga tana, tsutsar ƙasa, birjik. Ta ba ni labarin ƙauyensu, inda kowane gida ke da gonar shinkafa da ɗan kududdufin kifi da agwagi da ayaba a bayan ɗaki. Ta ce lokacin tana yarinya aka kawo musu maganin feshi, kowa ya rungume shi, har aka wayi gari babu kifi babu kwaɗi a cikin shinkafar, yara kuma suna ƙaiƙayin ƙafa in sun shiga ruwan. Ubanta ne ya fara rataye injin feshinsa, ya koma tattaka da kashin agwagi, aka yi ta masa dariya shekara uku kafin a fara zuwa roƙon iri wajensa. Ta ce a gidansu doka ɗaya ce: a fara cika tukunyar gida, abin da ya ragu shi ake kai wa kasuwa.

A hannun hagu kuwa Dokta ne, aminin maigidana tun suna makarantar kwana. Ba likita ba ne, digirin noma ya tara har uku, ko da yake a London aikin ofis yake yi. Gonarsa fes take, kunyoyi a miƙe kamar an ja da igiya, ba ka ganin ko tsinken ciyawa. Duk ƙarshen mako zai goyo injin feshi a baya yana zagayawa yana tafiyar ƙasaita. Matarmu yake ce mini, irin wasan abokin miji, kuma bai taɓa wucewa ta gonata bai yar da magana ba.

"Matarmu, wannan gona ce ko makwancin macizai? Kin baro ƙauye kin zo Turai, kin kuma samo wata baƙauyiyar tana koya miki ƙazanta."

"Dokta, ka ji da taka," nake ce masa ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

Shekara biyu ina gyaran ƙasa yadda Yaya ta nuna mini kafin na yarda na kwance ƙullin. Na keɓe wuri ɗaya, na yi ta zuba masa takin doki da ruɓaɓɓen ganye har ƙasar ta yi baƙi. Ranar shukar Yaya ta tsuguna kusa da ni, ta dubi irin ta ce a raba shi uku kamar yadda suke yi a garinsu: kashi ɗaya a shuka, ɗaya a ajiye, ɗaya a ba maƙwabci. Ta ce irin da ke hannun mutum ɗaya yana bakin kabari. Ni kuwa na ƙi. Na ce irin ya tsufa, in ban zuba duka ba wataƙila ko ɗaya ba zai fito ba. Gaskiyar magana ita ce rowa ce ta kama ni, ban so kowa ya taɓa abin Inna. Na zazzage tsumman kaf, har na karkaɗe shi.

Tushe goma sha tara suka fito. Na san adadinsu don kullum sai na ƙirga su kamar kaji. Ranar da na ga jan karan nan ya leƙo daga cikin tattaka, zama na yi a ƙasa na sha kukana, Yaya tana bubbuga bayana. Ko ganye ɗaya ban tsinka ba, na ce ba za a ci ba sai sun yi iri.

A farkon watan Yuli 'yata ta fari ta haihu a Manchester, na tafi yi mata wankan jego na kwana arba'in. Na bar wa Yaya ban-ruwa. Abin da ban sani ba shi ne maigidan, cikin neman suna, ya ce wa amininsa ya riƙa duba mini gonar. Dokta kuwa ya duba. Wata Lahadi, ranar da Yaya ba ta zuwa, ya tsallako da injinsa ya yi wa gonata wanka da maganin kashe ciyawa tun daga wannan ƙarshe har wancan. Bayan kwana goma komai ya bushe, sai ya dawo da baro da shebur ya kwashe tattakar da busassun karan, ya haɗa da baƙar ƙasar da na yi shekara biyu ina kiwo, ya juye a gonarsa. Wai datti ya kwashe mini.

Yaya ta kira ni a waya tana magana da sauri, Turancinta ya tsere mata, ban fahimci komai ba sai kalmar "ya mutu". Da na dawo, daga tashar jirgi ban biya gida ba, da akwatina na shiga gonar. Na tarar da ƙasa tsirara, an share ta tas, har da sawun tsintsiya. Alayyahun ya fara fid da kai lokacin da aka fesa shi, saura 'yan makonni ya yi iri.

Dokta yana gonarsa a lokacin, ya taho yana washe baki.

"Matarmu, sannu da hanya! Ya mai jego? Kin ga aiki ko? Ba sai kin gode ba, ai yi wa kai ne."

"Dokta, ina alayyahuna?"

"Wane? Jar ciyawar nan? Haba, ai irin ta bola ce. In alayyahu kike so, Asabar zan sayo miki iri mai kyau a kasuwar Lewisham, fakiti guda ya ishe ki shekara biyu."

Na gaya masa na Inna ne. Na gaya masa daga inda ya fito, da cewa babu sauransa. Wallahi da a lokacin ya sunkuyar da kai ya ce ki yafe mini, da an wuce wurin, don ni zuciyata mai saurin tafasa ce mai saurin hucewa. Sai mutumin nan ya gyara hula ya ce, "Allah ya jiƙan Inna. Amma dai iri iri ne, matarmu. Ku mata komai sai kun sa masa kuka."

A gida maigidan ya ce in yi haƙuri, da kyakkyawar niyya aka yi, kuma gonar matar aboki ta cika da ciyawa abin kunyar aboki ne. Na ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ya ce kada in ɓata zumuncin shekara arba'in a kan ganyen miya. Na ce to. Duk wanda ya san ni ya san in na yi ta faɗa abin ya kusa wucewa, in kuwa na ce to na yi shiru, sai a fara addu'a. Na tsani mutumin nan a ranar, tsana mai nauyi, kuma na yi niyyar sai na raba shi da gonarsa kamar yadda ya raba ni da abin uwata.

Na fara da injin feshin. Duk shekara da sanyi masu gonakin suna taro a wani ɗan ɗakin katako, ni kuwa ban taɓa zuwa ba. Wannan karon na yi kwalliya na je, na soya cincin cike da roba, na sa Yaya ta ba da labarin kifayen garinsu. Akwai tsofaffin Turawa masu kiwon zuma da dama can suna jin haushin feshin Dokta, akwai wata 'yar Jamaika da iska ta taɓa kai maganin kan kabewarta. Na miƙe na faɗi abin da aka yi wa gonata, ban ambaci suna ba, ban kuma ɗauke idona daga kansa ba. Aka ɗaga hannu, aka hana feshi a gonakin gaba ɗaya. Dokta ya yi ta zuba Turanci yana lissafa digirorinsa, wata tsohuwa ta ce masa lokacinsa ya ƙare, a ba na gaba.

Sai na koma kan rauninsa. Dokta mayen shayi ne, kuma shayin ba ya shiga masa sai da na'ana'a. Kowa a gonakin nan ya san ba a dasa na'ana'a a ƙasa sai a cikin bokiti, don saiwarta tafiya take yi a ƙarƙashin ƙasa, kuma duk guntun da ya karye sabon tushe ne. Shi bai sani ba. Abin da ya karanta dawa ce da auduga da gyaɗa, kuma ba ya tambayar kowa komai. Na je wajen wani Baturke a can ƙarshen gonakin na roƙi saiwar na'ana'arsa, mai ƙarfin nan da ta taɓa fasa masa daɓen rumfa. Na cika buhu guda na kai wa Dokta da hannu biyu.

"Dokta, ga wannan. Na ga abin da ya wuce ya wuce. A sha shayi a sa mana albarka."

"Kai, matarmu! Yanzu na ji magana. A ina ya kamata in sa ta?"

"Ai ku ne masana. Amma da ni ce, sai in bi gefen kunyoyin nan duka in jera ta, ko'ina ka juya ka tsinka."

Har taya shi dasawa na yi. Yaya tana tsaye a gonarta tana kallonmu, da ya tafi ta zo ta riƙe haɓa ta ce, "Sista, ke muguwa ce." Na ce mata a garinmu cewa ake yi rama cuta ga macuci ibada ne. Ta ce a garinsu cewa ake yi wanda ya riƙe garwashi don ya jefi wani, hannunsa ke fara ƙonewa. Na ce hannuna ya riga ya ƙone, saura nasa.

Shekarar farko Dokta ya yi ta rabon na'ana'a a masallaci yana yabona. A ta biyu ta fara ɓullowa a tsakiyar albasarsa, ta shiga tumatir, ta zagaye dankali. Babu damar feshi, ga shi da ciwon baya, tsugunno ya fi ƙarfinsa, 'ya'yansa kuwa in ya ce su zo gona sai su amsa masa da Turanci cewa suna da abin yi. Sai ya yi abin da na san zai yi, ya yi hayar ɗan injin huɗa ya bi gonar kaf ya daddatsa saiwar gunduwa-gunduwa. Ina zaune a kan bokitina ina cin gyaɗa ina kallo, daɗi kamar ya kashe ni. Bayan wata biyu gonar ta zama kore shar tun daga ƙofa har shinge, ƙamshi na tashi, babu abin da ke ciki sai na'ana'a.

Dokar wurin ita ce kwamiti na zagayawa duba gonaki. Wanda ya bar tasa ta zama daji a rubuta masa gargaɗi, a ba shi mako huɗu, in bai gyara ba a karɓe. In an karɓe kuma, a cikin makon ake turo masu injin yankan ciyawa su aske ta ƙwal, su rufe da baƙar leda har shekara ta zagayo. A ƙarshen watan Yuli Dokta ya sami wasiƙarsa. Maigidan ne ya gaya mini cikin jimami, na ce Allah sarki, na shiga kicin na dafa shinkafa da kaza ba tare da wani dalili ba.

Kwana biyu bayan haka Yaya ta tare ni tun daga ƙofar gonakin, ta kama hannuna ta ja ni har bakin gonar Dokta, ta nuna tsakiya. Da farko ban ga komai ba. Sai iska ta kaɗa na'ana'ar, na hango jan kara, guda ɗaya tak, ya kai gwiwata tsawo, har ya fara fid da kai. Na matsa kusa na duba, alayyahun Inna ne. Daidai wurin da ya juye baƙar ƙasata ne. Cikin irin da na zuba akwai wanda bai tsiro ba a waccan shekarar, ya kwanta a ƙasa yana barci, Dokta ya kwashe shi a baro bai sani ba, injin huɗarsa kuma ya tono shi ya kawo shi sama.

Na ce a kawo shebur in cire shi yanzu-yanzu. Yaya ta riƙe ni. Ta tona gefen da yatsa ta nuna mini yadda saiwar na'ana'a ta saƙe da tasa. Ta ce ya riga ya yi kai, ga zafi, in aka motsa shi zai iya mutuwa, kuma ba mu da na biyu da za mu gwada da shi. Sai ƙarshen Satumba irin zai nuna, kwamiti kuwa za su dawo ƙarshen Agusta. Masu injin yanka ba sa tambayar sunan ganye. Ta dube ni ta ce, "In gonarsa ta tafi, uwarki ta tafi."

Na zagi Dokta, na zagi na'ana'a, na zagi Baturken da ya ba ni, na zagi kaina. Shekara biyu ina dafa abu, ya nuna, an sauke, sai a ce in zubar da hannuna! Amma babu wata hanya. Washegari na ɗaura ɗamara na ɗauki lauje da fartanya na shiga gonar maƙiyina a kan gwiwoyina.

Mako uku na yi ina wannan aiki, kullum kafin in tafi aikina na kula da tsofaffi. Yaya tana taya ni awa guda ta wuce kicin ɗinta. Hannuna ya yi kanta, gwiwata ta kumbura, ƙamshin na'ana'a ya shiga kayana da gashina har abinci na daina jin ɗanɗanonsa. Na kafa wa alayyahun kara huɗu na zagaye shi da raga, na gaya wa Dokta in ya kusance shi sai an ji mu a ofishin 'yan sanda. Shi kuwa kujera ya kawo ya zauna a inuwa da fulas ɗinsa, yana nuna mini inda na tsallake da bakin sandarsa.

"Kin gani ko, matarmu? Zumunci ke nan. Na gyara miki taki, kin gyara mini tawa. Yanzu mun yi daidai."

Na ɗago na dube shi, lauje na hannuna. Na karanta duk abin da na haddace na neman tsari, sannan na ce, "Haka ne, Dokta." Abin da bai sani ba, kuma ba zai iya sunkuyawa ya gani ba, shi ne a kewayen alayyahun kaɗai na tone saiwar. Sauran gonar sama-sama na aske ta, na ja ƙasa na rufe, na tayar masa da kunyoyi masu kyau a kai, har na dasa masa latas don idon kwamiti. Saiwar tana nan lafiya lau a ƙasa.

Kwamiti suka zo suka ga gona fes, suka janye gargaɗin. A ƙarshen Satumba na sunkuyar da kan alayyahun cikin farar takarda na girgiza, iri ya zubo yana sheƙi, ya fi wanda Inna ta bari ninki ba adadi. A nan tsakiyar gonar na raba shi uku. Na ƙulle kashi ɗaya a tsohon tsumman, na ajiye ɗaya don shuka, na juya na zuba na ukun a tafin Yaya tun kafin ta tambaya. Ta rufe hannunta ta kai goshi. Daga baya na ba 'yar Jamaika, na ba tsofaffin masu zuma, na ba Baturke, na aika wa ƙannena gida, Yaya ma ta kai wa 'yar uwarta can ƙauyensu. Da bazara ta zagayo na yi miyar farko, na zauna ni kaɗai a kicin na ci da tuwon shinkafa, zaƙin nan ya zo a ƙarshen harshe daidai inda na bar shi tun ina yarinya.

A wannan bazarar na'ana'a ta dawo wa Dokta da ƙarfinta, ta tsattsage kunyoyin da na yi masa. Wasiƙa ta sake zuwa. Ya turo maigidan ya roƙe ni in sake gyara masa, na ce gwiwata ba ta warke ba, kuma ba ƙarya na yi ba. Aka karɓe gonar.

Ranar da ya zo kwashe kayansa ina gonata ina tsinkar alayyahu, ya cika wuri guda jajir har ƙugu. Dokta ya fito da baro da tsohon injin feshin da ya yi tsatsa, yana tafe yana dafe baya. Ya tsufa a shekarun nan, na lura da haka. Ya tsaya a bakin shingena ya daɗe yana kallo, kuma a karon farko bai ce mini matarmu ba.

"Hajiya, miyar nan da kika aika wa maiɗakina, ta ce rabonta da irin wannan ɗanɗano tun tsohuwarta na da rai. Ko za a ɗan sam mini irin? A tukunya zan sa mata a bayan gida."

Na jira. Na ba shi lokaci mai tsawo, ina kallon bakinsa, ko kalmar nan guda ɗaya za ta fito. Ya gyara hula, ya dubi agogo.

Inna ba ta taɓa hana kowa iri ba. Na sha ganin matar da suka yi shekara ba sa ga-maciji ta turo a ba ta, Inna ta ƙulla mata ba tare da ta ɗaga kai ba, tana cewa iri na Allah ne, mu ajiya aka ba mu. Ƙullin yana cikin aljihun rigata a lokacin, ina jin nauyinsa a cinyata. Na sunkuya ta ƙarƙashin shinge, na damƙo na'ana'a cike da hannu daga gonar da ta kasance tasa, na karkaɗe ƙasar na miƙa masa.

"Irin ya ƙare, Dokta. Ga wannan, a sha shayi."